Tsofaffin taswirorin Kaduna, rahotannin itatuwa da hotunan da: ina ake samun su, yaya ake karanta su?

Wani malamin sakandare a Tudun Wada ya aiko da tambaya. Yana so ya haɗa wa ɗalibansa bayanin yadda Kaduna take a zamanin da take hedkwatar Arewa: ina gari ya tsaya, waɗanne itatuwa ne a wurin kafin gine-gine, yaya tituna suke. A hannunsa akwai kwafin wata taswira da ba shekara a jikinta, da 'yan katunan wasiƙa masu hoto da ya gada. Yana neman inda zai ƙara samun wasu, da yadda zai tabbatar da abin da suke nunawa.

Malam, ka ɗauko aiki mai kyau, Allah ya taimaka. Abin da zai fi tsare ka daga kuskure shi ne ka riƙe cewa taswira da rahoton malamin daji da hoton da aka buga, kowanne an yi shi ne don biyan buƙatar wanda ya sa a yi. Mai safiyo ya auna abin da gwamnati ta biya shi ya auna, malamin daji ya ƙirga itacen da ke da kuɗi, mai hoto ya ɗauki abin da Bature zai saya ya aika gida. Ɗaya ba ya isa shaida shi kaɗai. Sai ka jera su, wannan ya gaskata wancan ko ya ƙaryata shi.

Ka fara da riƙe shekarun da komai zai rataya a kansu. An shelanta mulkin Turawa a Arewa a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900. Hedkwata ta ɗan zauna a Jebba, ta koma Zungeru a 1902. Sojoji sun sauka a Kaduna wajen 1913, ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917. Garin yana cikin Lardin Zazzau har 1956, lokacin da aka ware shi ya zama yankin hedkwata mai zaman kansa, ya kuma ci gaba da zama hedkwatar Jihar Arewa har aka yi jihohi 12 a 1967. Amfanin wannan a wurin nema shi ne, takardun garin na kafin 1956 da yawa suna cikin fayilolin Lardin Zazzau. Wanda ya tsaya neman sunan Kaduna kaɗai zai wuce su bai sani ba.

Wuri na farko shi ne ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Ka nemi jerin SNP, wato fayilolin Sakatariyar Lardunan Arewa, da Zarprof na Lardin Zazzau, in kuma Zungeru kake so, Minprof na Lardin Neja. Taswirori mafi daraja a can sau da yawa ba a ɗakin taswira suke ba, a naɗe suke a bayan fayil: rahoton ƙiyasin haraji na gunduma, fayil ɗin rikicin iyaka, na kafa gandun daji, na ba da fuloti. Rahoton haraji musamman yakan zo da zanen hannu na Di'o mai ɗauke da sunayen ƙauyuka da rafuka da hanyoyin fatake. Na biyu Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970. Can, ko a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ka tambayi rahoton Max Lock, Bature mai tsara birane, da abokan aikinsa, Kaduna 1917 1967 2017, wanda aka buga a 1967. A ganina da shi ya kamata kowa ya fara, domin ya tattara taswirorin girman garin mataki-mataki a wuri ɗaya, ya kuma nuna unguwannin da tsarin Turawa bai kula da su ba.

Ga taswirorin ƙasa na ma'aunin 1:50,000 kuwa, akwai abin da ke rikita mutane. Layin digiri 10 da minti 30 arewa, wanda shi ne iyakar takardun taswira biyu, ya ratsa garin kusa da kogi, ya raba shi gida biyu. Tsakiyar gari da Kawo suna kan takarda mai lamba 123, kusurwar kudu maso gabas. Kakuri da Makera suna kan 144, kusurwar arewa maso gabas. Dole ka samu biyun, kuma kada ka ɗauka shekararsu ɗaya.

Yanzu taswirarka marar shekara. Da farko ka duba ko mai kwafi ne ya yanke gefen, domin bayanin yana can ƙasa da ƙananan haruffa. Taswirar gwamnati takan ɗauki shekaru uku ko huɗu daban-daban: shekarar da aka yi safiyo ko aka ɗauki hoton jirgin sama, shekarar da aka duba a ƙasa, shekarar gyara, da shekarar bugu. Ta farkon ce ke gaya maka yadda ƙasa take. Taswirar da aka sake bugawa a shekarun 1970 tana iya nuna gari na shekara goma ko fiye kafin nan, an ƙara sabon titi ɗaya ko biyu da jan launi kawai. Wanda ya ɗauki shekarar bugu ya ce haka Kaduna take a lokacin, ya rage wa garin girma ƙwarai.

In gefen ya tafi, abin da ke cikin taswirar zai ba ka iyaka. Layin dogo ya fi komai amfani. Layin Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911. Layin gabas da ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da shi a Kaduna wajen 1927, don haka in ka ga mahaɗar layi biyu a kudancin kogi, taswirar ba ta riga wannan lokaci ba. In ta lardi ce, duba ƙaramin layin Zariya zuwa Jos: an gama shi a 1914, an rufe shi a 1957. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda na 1929 ne. Masaƙar farko a Kakuri ta fara aiki a 1957, matatar mai a 1980. Sunan hukumar da ta buga ma shaida ne: hukumar safiyon Ingila da ta yi yawancin taswirorin nan an kafa ta a 1946 da sunan Directorate of Colonial Surveys, ta koma Directorate of Overseas Surveys a 1957. Ƙa'idar ita ce, abu mafi sabunta da ka gani a ciki yana ba ka shekarar da taswirar ba za ta riga ba. Rashin abu kuwa shaida ce mai rauni, domin ana iya barin sa da gangan ko a manta.

Sai babban tarkon, wanda Kaduna ta fi tsofaffin birane irin su Kano da Zariya faɗawa cikinsa. Gari ne da aka zana a takarda kafin a gina, saboda haka takardu da yawa na farkon zamani shiri ne na abin da ake son yi. Za ka ga tituna a miƙe da fuloti-fuloti masu lamba a inda daji ne har bayan shekara ashirin, ko inda ba a taɓa ginawa haka ba. Alamominsa: kalmar Proposed ko Layout a kai, layuka masu ɗigo-ɗigo, fuloti duka girmansu ɗaya babu gini a ciki, babu layin tudu da kwari, da sa hannun amincewar Razdan ko jami'in lafiya maimakon na mai safiyo. Ainihin safiyo yakan nuna karkatacciyar hanyar ƙafa, rijiya, kududdufi, ginin da ya fita daga layi.

Haka kuma farin wuri a taswira ba ya nufin ba kowa. Ƙauyukan Gbagyi suna nan kafin zuwan soja, ga rugagen Fulani, ga sansanonin leburorin jirgin ƙasa, amma taswirar gari takan tsaya cak a iyakar da doka ta shata. Wani filin kuma da gangan aka bar shi: tsarin Lugga ya tanadi tazarar yadi 440, kusan mita 400, da ba a gini a cikinta tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Irin wannan fili ne ake mayarwa wurin sukuwa da holo da golf. Wannan darasi ne mai kyau ga ɗalibai, domin suna iya ganin sawunsa a garin har yau.

In kana so ka ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan'adam na yanzu, manhajar QGIS kyauta ce kuma ta isa. Ka yi sikanin a ɗigo 300 zuwa 400 a inci, ka adana a TIFF. Takarda mai santimita 60 da 80 za ta ci kusan megabait 200 a ɗigo 300 in mai launi ce. Ka zaɓi wurare 8 zuwa 12 da ba su motsa ba, a warwatse har kusurwoyi huɗu: ƙafafun gadar jirgin ƙasa, mahaɗar layin dogo, kusurwar tsohon gini, mahaɗar tsofaffin tituna da ba a faɗaɗa ba. Kada ka dogara da bakin kogi ko tsibiri ko bishiya. Kogin Kaduna yana ci yana ajiyewa, kuma faɗinsa a taswira ya danganta da watan da aka ɗauki hoton. Ga taswirar da aka yi wa safiyo sosai, ka zaɓi lissafi mafi sauƙi, wanda ke juyawa da miƙewa kawai. Lissafin da ke lanƙwasa takarda don kowane ɗigo ya zauna daram yana ɓoye kuskure ne, ya sa ka ga kamar komai ya yi daidai.

Matsalar da ta fi yawa ita ce a ga komai ya goce gefe ɗaya da tazara iri ɗaya. Dalili shi ne taswirorin Nijeriya na da an gina su kan tushen awo na Minna, GPS da hotunan intanet kuwa kan tushen awo na duniya, WGS 84, suke. A yankin Kaduna bambancin yana tsakanin mita 80 zuwa sama da 100, gwargwadon layukan da ka karanta. Maganinsa ka gaya wa manhajar tushen tun farko: kowane tushe yana da lambarsa ta EPSG a manhajar, 4263 in da digiri kake aiki, 26332 in layukan UTM ne na shiyya ta 32, 26392 in na shiyyar tsakiya ta Nijeriya ne. Ka kuma san iyakar abin da takarda za ta iya ba ka. A ma'aunin 1:50,000, milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa, kaurin layin titi kaɗai ya fi titin faɗi. Ba a raba gardamar fuloti da irin wannan. Wannan aikin KADGIS ne, wato hukumar filaye ta Jihar Kaduna, da mai safiyo mai lasisi. Taswirorin cikin gari na da kuma da ƙafa ake auna su: ƙafa 200 a inci shi ne 1:2,400, ƙafa 400 a inci 1:4,800. In kwafi ne a hannunka, kada ka yarda da wannan lamba, domin injin kwafi yana ragewa ko ƙarawa. Sandar ma'auni da aka zana a jiki ita za ka auna. Zanen hannu na Di'o kuwa da kamfas da taku aka yi shi, kuma a farkon ƙarni na 20 allurar kamfas a nan tana karkata wajen digiri 10 zuwa yamma. Digiri 10 a tafiyar kilomita ɗaya ya kai gocewar mita 175. Irin wannan zane ka karanta shi don sunaye da jerin wurare, kada ka tilasta masa ya hau hoton tauraro.

Batun itatuwa ya fi wuya, domin ba wanda ya tsaya ya ƙirga dajin Kaduna kafin a sare shi. Sai dai a haɗo daga wurare. R. W. J. Keay, a bayaninsa na tsirran Nijeriya na 1949, ya sa yankin cikin dajin Gini na arewa, wanda doka da farar doka suka fi yawa a cikinsa, ga kaɗanya da ɗorawa da maje da taura, ga ciyawar gamba, sai kurmi a bakin rafuka. Wannan hoto ne na yanki gaba ɗaya, ba zai gaya maka abin da ke Unguwar Shanu ba. J. M. Dalziel, likita ne da ya yi aiki a Arewa ya kuma tara tsirrai a wurare irin su Zungeru da Kontagora da Katagum, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa na tsirrai masu amfani a 1937. H. V. Lely ya rubuta na itatuwan Arewa a 1925. Busassun ganyen da suka tara suna Kew a Ingila, wasu na ma'aikatan daji suna ma'adanar tsirrai ta Ibadan, akwai kuma ta Jami'ar Ahmadu Bello. Da yawa an ɗauki hotonsu, ana ganinsu a GBIF, shafin intanet mai tara bayanan tsirrai da dabbobi. Na kusa da gida su ne fayilolin gandun daji, irin na Afaka, da binciken albarkatun ƙasa na tsakiyar Nijeriya na ƙarshen shekarun 1970, wanda ya ware wa filayen Kaduna kashi guda.

Abubuwa uku ke ɓata wa mai karatu lissafi a nan. Sunayen kimiyya sun canza, har mutum ya ƙirga itace ɗaya sau biyu. Kaɗanya a tsohon rahoto Butyrospermum parkii ce, yanzu Vitellaria paradoxa. Ɗorawa za ka gan ta Parkia filicoidea ko clappertoniana, yanzu biglobosa. Gawo ya tashi daga Acacia albida zuwa Faidherbia albida, ɗinya daga Vitex cienkowskii zuwa doniana, rimi daga Eriodendron zuwa Ceiba pentandra, farar doka daga Isoberlinia dalzielii zuwa tomentosa. Ka yi tebur mai layi uku, sunan Hausa da tsohon suna da na yanzu, kafin ka ƙirga komai. Na biyu, wurin da aka rubuta a jikin busasshen ganye sunan tasha ne mafi kusa. Zungeru tana iya nufin tafiyar yini daga Zungeru, kuma lambobin wuri da ke intanet daga baya aka ƙara su, sau da yawa a tsakiyar gari aka dasa ɗigon. Na uku, malaman daji suna ƙirga itacen da ya kai wani kauri ne kawai, kuma kewayen gindi suke aunawa da ƙafa da inci. Kewaye na ƙafa 3 faɗin santimita 29 ne kacal. Ƙananan itatuwa da sabara da ciyayi ba sa shiga lissafi, maɗaci da kawo kuwa suna samun shafi guda saboda katako.

Kada kuma a ɗora wa ɗalibai cewa duk sarar daji ta zamanin nan ce. An sare kurmin bakin rafuka da gangan a zamanin Turawa don korar ƙudan tsando, gari da bariki kuma sun ci itacen wuta tun ranar farko. Itatuwan da yau ake ganin kamar na gado, dogon yaro da turare da malaina da mangwaro, duk baƙi ne. Dogon yaro ya shigo ta Borno a 1928. Hanya mafi aminci ta ganin canjin ita ce hotunan sama. Na hukumar safiyon Ingila suna Edinburgh yanzu, a ma'adanar hotunan sama ta NCAP. Hotunan tauraron leƙen asiri na Amurka, Corona, na 1960 zuwa 1972, an sake su a 1995, ana nemansu a shafin intanet na EarthExplorer, kuma a masu kyau daga ciki ana rarrabe manyan bishiyoyi ɗaya-ɗaya. Ka gwada rani da rani, damina da damina. Hoton Maris a gefen na Satumba zai nuna maka ɓarnar da ba a yi ba.

Katunanka kuma. Hatimin gidan waya yana ba ka ranar da aka aika, hoton kuwa yana iya girme ta da shekaru, domin ana sake buga hoto ɗaya muddin yana sayuwa. Kan sarki mai rubutun Northern Nigeria na kafin haɗewar 1914 ne. Mai hoton Sarauniya Elizabeth daga 1953 ne. A cikin hoton, in motoci suna bin hannun dama, bayan 2 ga Afrilu 1972 ne. Farashi da naira, bayan 1 ga Janairu 1973. Hoton hawan daba a Kaduna kada a yi saurin cewa na zuwan Sarauniya ne na 1956, domin an yi na mulkin kai a 1959 da na FESTAC a 1977. Ka sa gilashin ƙara girma mai ninki 10: in ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar raga, bugun inji ne, ba abin da za ka ƙara gani, in launin ya tafi sumul, ainihin hoto ne, kuma sikanin a ɗigo 1,200 yana iya fito da rubutun allo ko lambar mota. Inuwa ma tana taimakawa wajen gane inda mai hoto ya fuskanta, amma da sharaɗi: a Kaduna daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara arewa. Duwatsun kogi a waje alamar rani ce.

In ka ƙara da tsofaffin birane don kwatance, ka yi hattara da zanen ƙarni na 19. Hoton Kano daga Dala da ke cikin littafin tafiyar Barth, Bajamushe matafiyi wanda ya zo Kano a 1851, wani mai zane ne a Jamus, J. M. Bernatz, ya gyara shi daga zanen Barth. Siffar ganuwa da tudu ana iya dogara da su, amma itatuwa da mutanen gaba-gaba ƙawa ce ta mai zane.

Ajiya a Kaduna tana fama da abu biyu: laimar damina mai kawo fumfuna da gara, da bushewar hunturu mai sa takarda ta karye a kan naɗi. Kada ka yi wa asali laminatin, kada ka liƙa salatif. Mannensa yana rinewa ya ci takarda, kuma ba ya fita. Taswira a shimfiɗe ake ajiye ta, tsakanin fararen takardu marasa asid, a kan kantar ajiya nesa da ƙasa da bango. In ta yi girma, a naɗe ta a jikin bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, ba a cusa ta ciki ba. Wadda ta daɗe a naɗe kada a buɗe ta da ƙarfi cikin hunturu. A bar ta ta sha laimar ɗaki kwana biyu, a buɗe kaɗan-kaɗan ana danne gefe da abu mai laushi. Shuɗiyar taswira da kwafin ammoniya haske yana kashe su, sai a rufe. Wadda aka zana a kan ƙyalle mai sitaci kuwa ɗigon ruwa ɗaya yana bar mata tabo.

Ɗalibai su yi aiki da kwafi. A bayan kowane kwafi ka rubuta da fensir inda aka samo shi, lambar fayil, lambar takarda, da shekarar safiyo daban da ta bugu. In a ma'adana aka ba ka izinin ɗauka da waya, ka kashe filasha, ka riƙe wayar daidai saman takarda, ka ajiye rula a gefe, kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da kashi ɗaya cikin uku, ka kuma fara da bangon fayil ɗin da gefen taswirar mai ƙananan rubutu kafin ka shiga tsakiya.